Zaɓen Gwajin Ƙididdiga Wajen Kwatanta Hoton Majinyaci Kafin Magani da Bayansa

A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, daura da Gyadi-Gyadi a ƙaramar hukumar Tarauni, likitoci masu neman ƙwarewa sukan gina bincikensu a kan hotuna biyu na majinyaci guda, na kafin magani da na bayansa, kamar sikanin ƙarin mahaifa ko hoton ƙirjin mai tarin fuka. Tun da hotunan daga jiki ɗaya suka fito, ba daidai ba ne a ɗauke su tamkar rukuni biyu na mutanen da ba su da alaƙa, domin abin da ake nema shi ne canjin da aka samu a jikin kowane mutum.

Idan abin da aka auna tsawo ne ko faɗi a milimita, sai a ɗebe awon baya daga na farko ga kowane majinyaci, sannan a duba yadda waɗannan bambance-bambance suka rarrabu. In sun taru a tsakiya, suka sirance daidai ta ɓangarori biyu, gwajin t na ma'aunan da ke haɗe da juna, wanda ya samo asali daga aikin William Gosset na 1908, shi ya dace. In kuwa majinyatan kaɗan ne, kuma wasu 'yan ƙalilan sun yi wa saura fintinkau, gwajin Wilcoxon na 1945 ya fi aminci, saboda yana aiki da matsayin kowane bambanci a jere maimakon girmansa. Inda amsar ta tsaya a kan akwai ko babu, misali ramin da tarin fuka kan yi a huhu, gwajin McNemar na 1947 ake ɗauka.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa, kuma ya fi damun mai duba irin waɗannan ayyuka, shi ne ƙidaya ƙari biyar na mace ɗaya a matsayin mata biyar, ko ɗaukar dubban ɗigogin hoto a matsayin shaidu masu zaman kansu, lamarin da ke kumbura adadi har ya nuna nasarar da babu ita. Haka nan, likitan da ya san wanne ne hoton bayan magani yakan karkata ga ganin sauƙi ba da niyya ba, don haka ya kamata a ɓoye masa ranakun hotunan kafin ya ɗora ma'auni.