GYARAN TSAKAR GIDA: HAƘƘIN IYALI DA NA BAƘO DA NA MAƘWABCI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi magidancin da ya yi niyyar gyara tsakar gidansa, domin iyali su sami wurin shan iska, baƙi kuma su sami wurin zama.

Da zarar damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, aikin gini yakan tashi a Birnin Zariya, tun daga Ƙofar Doka har zuwa Ƙofar Gayan. Wani yana so ya dafe tsakar gida da siminti, wani ya kafa rumfar kwano domin taron suna ko walima, wani kuwa ya rushe zaure ya mai da shi shago ko wurin ajiye mota. Gyaran gida halal ne, yalwar mazauni ma ni'ima ce daga Allah. Amma kafin a kira magini, lalle ne maigida ya auna haƙƙoƙi uku da ke rataye a wuyansa.

Na farko shi ne haƙƙin iyali, watau sutura. Ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, in kuwa aka ce mutum ya koma, to, ya koma. Aya ta 58 ta ware lokatai uku waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin ƙailula, da bayan sallar lisha. Magabatan Birni sun mai da wannan hukunci tubali da ƙasa. Mai shiga gida zai fara da zaure, ya ratsa fili, ya shiga shigifa, sa'an nan ya kai tsakar gida. Ƙofofin kuwa ba a daidaita su a miƙe, domin kada idon mai wucewa ya tsinkayi cikin gida. A tsakar gidan nan ne mata ke daka da girki da kitso da renon yara. Saboda haka magidancin da ya rushe zaure, ya dawo da hirar abokansa tsakar gida, ya ƙwace wa iyalinsa filinsu ke nan, ya kulle su a ɗaki cikin zafin bazara. Wajibi ne ya shawarci matan gida tun kafin a ja layi, gama su ne suka san inda rana ke duka da inda ruwa ke kwantawa.

Akwai kuma wata mas'ala a nan. Da yawa daga gidajen Birni na gado ne, 'yan'uwa maza da mata suna tarayya a cikinsu, ba a raba ba. A shari'a ba ya halatta ga abokin tarayya ya rushe ko ya gina a filin da aka haɗa sai da yardar sauran magada. Ko da shi kaɗai ne mai kuɗin aikin, kuɗi ba ya sayen rabon ƙanwarsa da ke gidan aure, balle na marayu. Sau da yawa zumuncin shekaru ya lalace saboda bango guda da aka tayar ba da shawara ba.

Na biyu shi ne haƙƙin baƙo. Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya ɗaura girmama baƙo a kan imani da Allah da Ranar Lahira, da wanda ya ƙayyade liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka ya zama sadaka. Suratuz Zariyat kuma ta ba da labarin yadda Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya gaggauta kawo wa baƙinsa ɗan maraƙi mai ƙiba. To, hikimar zaure ita ce ya haɗa haƙƙin baƙo da na iyali ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba. A zaure ake sauke baƙo, a ci tuwo tare da maƙwabta, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar mutuwa. A zaurukan Unguwar Juma da Unguwar Kona ɗalibai masu yawa suka ɗauki karatun fiƙihu da nahawu a gaban malamai. Wanda ke neman wurin tarbar baƙi, sai ya fara da gyara zaurensa da filin da ke tsakaninsa da shigifa: ya kafa rumfa a nan, ya tanadi tulu da buta da makewayi na baƙi dabam, domin kada buƙata ta ja baƙo zuwa cikin gida.

Na uku shi ne haƙƙin maƙwabci. Malaman Malikiyya sun yi bayani mai faɗi a kan gini, bisa ga ƙa'idar hana cuta. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda ya rayu a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda, domin alƙalai sukan aike shi ya duba gardamar maƙwabta. Daga cikin abin da aka tabbatar akwai hana buɗe taga mai leƙa gidan wani, da hana sakar masa hayaƙi ko wari mai cutarwa. Saboda haka mai niyyar ɗora bene a lungun Birni, ya dubi inda tagoginsa za su fuskanta. Mai dafe tsakar gida da siminti kuwa ya sani ruwan da ƙasa ke shanyewa a dā, yanzu hanya zai nema. Zariya takan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, idan indararo ko magudana ta fuskanci bangon ƙasa na maƙwabci, damina ɗaya ta isa ta cinye gindinsa. Haka nan ba a haƙa masai kusa da rijiyar maƙwabci. Masana kiwon lafiya sukan nemi tazarar mita 30 tsakaninsu. Dakali ko rumfa kuma kada su ci hanyar jama'a, domin lungun da makara ba za ta iya wucewa ba ya ƙuntata wa rayayye da mamaci.

Daga nan sai maganar kuɗi. Ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i sun yi kashedi mai tsanani game da almubazzaranci. Bai kamata a ci bashi domin ƙawar da za a nuna wa mahalarta biki ba, alhali kuɗin makarantar yara da cefane suna jira. Kyan gini ma ba ya rataya ga tsadar kaya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, da ƙasa da azara, har masana gine-gine na ƙasashen waje suka yi rubuce-rubuce a kan bakan gizonsa. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi da rana, yana ba da ɗumi da hunturu, muddin ana yi masa yaɓe kafin damina. Itacen inuwa kuwa, darbejiya ko mangwaro, ya fi rumfar kwano sanyi, ga kuma ladan sadaka da hadisi ya ambata ga mai shuka abin da mutum ko tsuntsu ko dabba za su ci. Sai dai a dasa shi nesa da bango saboda saiwa.

A taƙaice, tsarin aikin shi ne: a nemi yardar magada, a shawarci iyali, a sanar da maƙwabci, a auna aljihu, sa'an nan a kira magini. Wanda ya bi wannan jeri, gyaran gidansa ya zama ibada. Allah Ya sanya albarka a gidajen Musulmi, Ya kyautata tsakanin maƙwabta, amin.