Koyar da Kirdado ga Ƙananan Yara: Abin da Ƙidayar Hausa Ta Tanada

Gabatarwa

A aji biyu ko uku na firamare, idan aka ba yara 48 + 37 su tara, ba a rasa wanda zai rubuta 715. Dalili kuwa shi ne ya tara 8 da 7 ya rubuta 15, sa'an nan ya tara 4 da 3 ya ajiye 7 a gabanta. Kuskuren kansa mai sauƙin gyara ne. Abin damuwa shi ne yaron bai ji wani abu ya dame shi ba da ya ga lambobi biyu da ko hamsin ba su kai ba sun haifi ɗari bakwai da 'yan kai. Abin da ya rasa shi ne kirdado. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙidayar Hausa ta riga ta aza harsashin wannan darasi, sauran malami ya ɗora.

Ma'anar kirdado

Kirdado ba canki-canka ba ne. Mai canka yakan faɗi lamba ne ba tare da hujja ba, amma mai kirdado yakan sauƙaƙa lambobin tukuna, sa'an nan ya lissafa su da ka. Sauƙaƙawar nan ita za mu kira kusantarwa, wato kai lamba ga goma ko ɗari mafi kusa da ita. Alal misali, 48 ta zama 50, 37 ta zama 40, jimla 90 ke nan. Amsar gaskiya 85 ce. Yaron da ya riƙe 90 a ransa ba zai yarda da 715 ba.

Abin da harshe ya tanada

Tun kafin yaro ya shiga makaranta yana jin manya suna cewa "kusan talatin", "wajen hamsin", "ɗari da ɗoriya". Duk waɗannan kirdado ne. Bayan haka, tsarin ƙidayar kansa yana da taimako ta fuska biyu.

Ta farko, daga 21 zuwa 24 goman da ta fi kusa ita ce kalmar da ake fara furtawa: ashirin da ɗaya, ashirin da huɗu. Yaro ya yar da abin da ya biyo bayan "da", ya sami amsa.

Ta biyu, Bahaushe yana da wani suna ga lambobin da suka ƙare da 8 ko 9. Yakan ce ashirin babu biyu maimakon sha takwas, ko ɗari ba ɗaya maimakon casa'in da tara. A nan ma goman da ta fi kusa ce ta zo a farko. Wanda ya ce "hamsin babu biyu" ya riga ya kusantar da 48, har ya faɗi abin da ya rage ta cika.

Ke nan lambobin da ke bukatar aikin malami sosai su ne masu ƙarewa da 5, 6 da 7, domin harshe bai saba ba su suna ta hanyar "babu" ba. Sai kuma 11 zuwa 14, inda akan taƙaita a ce "sha ɗaya", goman ta ɓace wa kunne. Ya kamata malami ya riƙa cika su, ya ce goma sha ɗaya.

Matakan darasi

Mataki na ɗaya, malami ya ja layi a ƙasa, ya raba shi taki goma, ya rubuta 30 a wannan kai, 40 a wancan. Ya tsayar da yaro a kan 37 ya tambaye shi: taki nawa zuwa talatin, nawa zuwa arba'in? Ƙafarsa za ta nuna masa uku ta fi bakwai kusa. Kada a ba da ƙa'ida sai yara sun taka lambobin duka.

Na biyu, a zo kan 35, inda taki biyar ne ta kowane gefe. A faɗa wa yara gaskiya, cewa ba ta fi kusa da ko ɗaya ba, yarjejeniya ce kurum aka yi a makarantu a riƙa kai ta gaba. Yaron da aka ce wa 35 ta fi kusa da 40 zai daina yarda da idonsa.

Na uku, a shiga tarawa. Kafin yaro ya taɓa alli, ya rubuta kirdadonsa a gefen allo, ya yi lissafin, sa'an nan ya gwada su biyun. Tambayar da malami zai yawaita ita ce, "Amsar za ta haura wannan ko za ta gaza?" A 48 + 37 duka biyun an ɗaga su, saboda haka dole amsar ta gaza 90.

Wuraren tuntuɓe

Akwai wurare uku da ya kamata a yi hattara. Na farko, idan lambobin duka sun ƙare da 5, kamar 25 + 35, ɗaga su duka zai ba da 70, alhali amsar 60 ce. Gara a ɗaga ɗaya a sauke ɗaya, 30 da 30. Na biyu, kusantarwa hawa biyu: yaro ya kai 347 ga 350, daga nan ya kai ta 400, alhali ta fi kusa da 300. Layi shi ne maganin wannan. Na uku, bukata kan canza hukunci. Yaron da aka aika da ₦1,000 ya sayo abin ₦620 da na ₦430, idan ya sauke su zuwa 600 da 400 zai ɗauka kuɗin sun isa, ga shi kuwa saura ₦50. Mai son sanin ko kuɗinsa za su kai, ɗagawa ta fi masa.

Kammalawa

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko na yankinsu. Ko da wane harshe aka gabatar da darasin, ɗan Bahaushe da Hausa yake ƙirga canjin aike da cinikin talla, kuma da ita zai gane in an cuce shi. Ko na'urar lissafi ta cikin wayar hannu ba ta raba shi da bukatar kirdado ba, gama yatsa ɗaya ya zame sai 48 ta koma 488, ita kuwa na'ura ba ta musu. Aikin da ya rataya a wuyanmu ɗaliban Hausa shi ne mu tattara irin waɗannan kalmomi na ƙidaya daga karin Kano, Sakkwato, Katsina, Zazzau da Damagaram, mu daidaita su, mu miƙa wa masu rubuta littattafan firamare.