Kafin Ka Sa Wa Shago Kwaɗo

Ɗana, na ji maigidanka ya yaye ka, har ka kama shago naka na kanka a cikin kasuwa. Alhamdulillahi. Allah ya sa ka shiga a sa'a, ya kawo masu ɗinki na kirki. Ba ni da keken da zan ba ka gudummawa, nawa ya tsufa tare da ni. Yanka da ɗinki kuwa yanzu ka fi ni ido. Abin da ya rage mini shi ne magana, kuma maganar wuta ce. Ka yi haƙuri ka saurara, don tsoho in ya fara zance sai ya bi ta tsohuwar hanya.

Ina ɗan shekara 19 ina koyon aiki. Wata rana cikin hunturu, saura kwana uku salla, ina goge wata babbar riga aka ɗauke wuta. Na kife dutsen gugar a kan bargon tebur da nufin in an kawo in ƙarasa. Har magariba shiru. Maigida ya miƙo mini makulli ya tafi masallaci, ni kuma na ja ƙofa na sa kwaɗo. Ban zare dutsen daga soket ba, tunda a ganina ai babu wuta. Can tsakar dare aka kawo ta. Dutsen guga na wancan zamani ba ya kashe kansa. Allah ya sa maigadi ya ji ƙauri, ya fasa kwaɗon da taɓarya. Bargo ya tafi, rabin tebur ya tafi, da shaddar mutane huɗu.

Da safe na zo ina jiran duka. Maigida bai taɓa ni ba. Hannuna ya kama, muka bi layin shago bayan shago yana faɗa mini: mai wannan 'ya'yansa bakwai, mai wancan da kuɗin adashi ya saro kaya, wannan kuma dukiyar marayu yake juyawa. Da muka kai ƙarshen layi ya ce, “Makullin da na ba ka jiya na duk waɗannan ne.” Har yau in na taɓa kwaɗo sai na ji muryarsa.

To, haka kasuwa take. Bangonka bangon maƙwabcinka ne, rufinku ɗaya, wayar lantarkinku ɗaya. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, gari ya waye sama da shaguna 3,000 sun zama toka. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002. Ta Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na 2021, sai Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ita ma cikin dare. Ka dubi watannin da kyau: Janairu, Fabrairu, Maris. Lokacin ne katako da yadi da kwali suke bushewa ƙayau, iska kuma tana kaɗawa. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Gemu nawa ne suka kama a gabanmu?

Wuta kamar tukunya ce a kan murhu, duwatsu uku ne suke riƙe da ita: abin da za ta ci, da zafin da zai tashe ta, da iskar da za ta shaƙa. Ka cire ɗaya, ta faɗi. A shagon tela abincinta ba ya yankewa, ga ƙyallaye a ƙasa, ga soso, ga leda. Iska kuwa ba ka da iko da ita. Saboda haka dutsen da ke hannunka shi ne zafi, kuma mafi yawansa ta waya yake shigowa.

Kada ka yi wa waya rowa. Dutsen guga ɗaya yana jan wutar da ta kai ta cajar waya hamsin ko fiye. In ka haɗa shi da hita da injin surfani a kan 'yar siririyar waya ɗaya, za ta yi zafi a ɓoye, robarta ta narke, wata rana wayoyi biyun da ke cikinta su haɗu. Ka riƙa taɓa soket da bayan hannu lokaci-lokaci. In ka ji ɗumi, ko ka ga bakinsa ya yi baƙi, ko kana jin ƙaurin roba, to yana yi maka magana ne, ka kira mai gyaran wuta wanda ya san aikinsa. In fis ya tsinke, kada ka bari a ɗaure shi da kakkauran jan ƙarfe don kada ya sake tsinkewa. An yi shi ne don ya mutu a madadin shagonka. Ranar da ka hana shi tsinkewa, wayar cikin silin ce za ta ɗauki zafin. Ku yaran yanzu kuma kuna da batirin sola, wanda mu ba mu sani ba. Shi ko an ɗauke wuta a cike yake, don haka kada ka jibga masa yadi a kai, ka bar shi ya sha iska.

Sai janareto. Na san halin jajibirin salla, mai kaya yana tsaye a kanka, mai ya ƙare, zuciya ta ce zuba kawai yana aiki. Kashe shi, ka ba shi lokaci ya huce. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake rarrafe har ya iske abin da zai kunna shi, ko da kai kana ganin galan ɗin yana nesa. Kada fetur ya kwana a shago. Shi kansa janareton wurinsa waje ne, don hayaƙinsa yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji warin komai ba. In maƙwabcinka mai shayi ko mai abinci yana aiki da tukunyar gas, ku riƙa gwada bakin tiyo da kumfar sabulu. In ta yi ƙwai, akwai yoyo. Ba a neman yoyon gas da ashana, kuma in wari ya cika wuri ba a taɓa makunnin lantarki. A buɗe ƙofa, a rufe kan tukunyar.

In kuma Allah ya ƙaddara ta tashi, ba kowace wuta ce ke jin ruwa ba. Ka watsa wa wutar lantarki ruwa, ta biyo ruwan ta ja ka. Ka watsa wa fetur, ya hau kan ruwan ya malala shagon gaba. Ka watsa wa man suya mai tafasa, ya yi tsalle ya kama rufi. Ta lantarki, fara kashe babban makunni. Ta fetur, yashi. Ta kasko, murfi ko jiƙaƙƙen buhu. Bokitin yashi a bakin ƙofa ba ya cin ko kwabo. Jar tukunyar kashe gobara kuma ka saya ko da ku uku ne za ku haɗa kuɗi, ka duba allurarta tana kan kore. Ana zare ƙusar, a saita bakin a gindin wutar, a matsa, a riƙa kaiwa da komowa. Ƙaramar takan ƙare cikin abin da bai kai rabin minti ba, shi ya sa ake koyon ta tun ana zaune lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wutar da ta fi tsayinka ta fi ƙarfinka. Ka yi kururuwa, ka fitar da yaranka, ka kira 'yan kwana-kwana. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ka nemi ta ofishinsu mafi kusa ka rubuta a bango inda kowa zai gani. In hayaƙi ya turnuƙe, ka duƙa, iska mai kyau tana ƙasa, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Kada ka koma don keke ko kuɗin cikin aljihun tebur. Ana sake sayen keke.

Ka kuma kula da ƙofa. A birnin New York na Amurka, a 1911, wuta ta kama a wata masana'antar ɗinkin riguna, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata maɗinka, saboda an kulle wata ƙofar fita. Abokan sana'armu ne. In kana da yara masu kwana a shago lokacin aikin salla, kada ka taɓa kulle su ta waje don tsoron ɓarawo. Haka layin kasuwa, in kowa ya ƙara tebur ɗaya a gaban shagonsa, ranar da motar kwana-kwana ta zo sai ta tsaya a bakin titi da ruwanta tana kallo. In shugabannin kasuwa sun ce a janye kaya, ka zama na farkon janyewa.

Za ka ji masu cewa gobara ƙaddara ce. Gaskiya ne, komai da sanin Allah. Amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya yi umarni a kashe wuta kafin a kwanta, bayan wani gida ya ƙone da dare a Madina. Mai tawakkali na gaske yakan zare soket tukuna.

Shekara arba'in da wani abu na yi ina rufe shago bayan wancan dare, kuma abu ɗaya nake yi kullum. In zare dutsen guga in tsayar da shi a kan siminti. In share ƙyallaye in fitar. In kashe babban makunni, ko da wuta ko babu, musamman ma in babu. In tsaya shiru in shaƙi iskar shagon. Sannan in yi bismilla in sa kwaɗo. Duka bai kai tafasar shayi ba. Kai ma in ka rufe yau, kafin ka juya, ka ɗaga kai ka dubi layin daga farko har ƙarshe, ka ƙirga ƙofofin. Allah ya tsare ka, ya tsare maƙwabtanka, ya yi maka albarka.