Hatha Yoga: Asalinta da Yadda Ake Yin Ta

Ran da na ga hoton wani Ba'indiye ya harɗe ƙafafu a wani littafin laburarenmu, na ɗauka wasan motsa jiki ne kurum. Da na karanta, ashe abin ya wuce nan.

Hatha yoga ta samo asali ne a Indiya, wurin masu gudun duniya, galibinsu mabiya addinin Hindu. A harshen Sanskirit, "hatha" na nufin ƙarfi. A ƙarni na 15 wani malaminsu, Swatmarama, ya rubuta littafin Hatha Yoga Pradipika, ya bayyana salon zama da lanƙwasa jiki guda 15, waɗanda ake kira asana. Bayan asana sai pranayama, wato sarrafa numfashi. Nufinsu shi ne a hore jiki domin zuciya ta natsu wajen ibada.

Ni dai ibadarsu tasu ce, darasin numfashin na ɗauka. In jarrabawa ta matso gabana yana faɗuwa, nakan miƙe bayana, in ja numfashi a hankali, sai hankalina ya dawo. 'Yan'uwana ɗalibai, a gwada, amma kada a tilasta wa jiki. Sannu ba ta hana zuwa.