Yadda ake samar wa kwamfuta fili da OneDrive ko Google Drive

Laftof ta hannu mai gurbin 128GB, irin wadda ake yawan gani a shagunan buga takardu na titin Kachia a Sabon Tasha, ba ta daɗewa take cika. Shawarar da ake yawan bai wa mai ita, wai ya kwashe komai ya zuba a intanet, shawara ce ta wanda bai san tsadar data ba. Abin da ya dace shi ne a raba fayiloli kashi biyu: waɗanda ake taɓawa kullum su zauna a kwamfuta, sauran su koma ma'ajiyar intanet.

Da farko ka shiga asusunka. OneDrive yana zuwa tare da Windows, yana ba da 5GB kyauta. Google yana ba da 15GB, amma Gmail da hotuna duk daga ciki suke ci. Idan Google Drive ka ɗauka, shiga saitin manhajarsa ta kwamfuta ka zaɓi "Stream files". Ɗayan zaɓin, "Mirror files", yana ajiye kwafin komai a kwamfutarka, ka ga ba fili ka samu ba kenan.

A OneDrive, bayan ka zuba fayilolin a foldarsa, sai ka lura da alamar da ke gefen kowane fayil. Shuɗin gajimare na nufin sunansa kawai ke gabanka, shi kansa yana intanet. Koren da'ira mai cike na nufin yana zaune a kwamfuta dindindin. Danna dama a kan tsofaffin foldoji, hotunan bikin da aka riga aka wanke, aikin kwastoman bara, ka zaɓi "Free up space". Na aikin yau da gobe kuwa, kamar samfurin katin gayyata da wasiƙun neman aiki, ka sa musu "Always keep on this device". Amma kada ka taɓa komai sai alamar kibiyoyi masu juyawa ta ɓace, domin muddin tana nan fayil bai gama hawa ba. Lodin farko shi ne mai cin data, a yi shi da datar dare.

Wani zai ce me ya sa ba za a bar komai a gajimare ba, wato a intanet, tunda dannawa ɗaya ke sauko da shi? Saboda kowace saukowa kuɗi ce, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025 lissafin ya canza. Ga kuma ranar da sabis ya ɗauke, kwastoma na tsaye yana jira, fayil ɗin da ke gajimare ba zai buɗu ba ko da janareta na ruri.

Kuskuren da ya fi muni shi ne gogewa. Wanda ya goge fayil daga folda mai haɗe da intanet don ya samu fili, ya goge shi a can ma, domin abin da aka yi a nan shi ake kwaikwaya a can. Yana zama a kwandon shara kwana 30, daga nan shi ke nan. Saboda haka takardun da ba su da madadi, irin na fili da shaidar makaranta, a ƙara musu kwafi a filash a ajiye a gida.