Darasi na 17: Gwanin Jifa

Jama'ar Dugabau, kun san yaron da ke tsaron tsuntsu a gonar gero. In ya iya majajjawa, tsuntsu ba ya sauka. Yau za mu karanta labarin wani gwanin jifa a ƙasar Amurka.

Mutanen Amurka suna da wani wasa, sunansa besbol. Ana biyan 'yan wasan albashi, don shi ne sana'arsu. Kowane gefe mutum tara ne. Mai jifa ya kan tsaya nesa da mai bugu, ƙafa 60 da inci 6. Ya jefa ƙwallo, mai bugu ya kai mata duka da kulki. In ya same ta, sai ya ruga ya kewaye masauki huɗu. In ya komo gida, an ci ɗaya.

In mai bugu ya kuskure sau uku, ya fita. In aka cafe ƙwallonsa ba ta taɓa ƙasa ba, ya fita. In aka riga shi kai ƙwallo masauki na fari, ya fita. Mutum uku suka fita, sai ɗaya gefen ya karɓi kulki. Haka za a yi har zagaye tara. Amma in mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace, sai mai bugu ya wuce masauki na fari kyauta.

A shekarar 1956 ƙungiya biyu na birnin New York suka kara don neman zakara. Ɗaya Yankees, ɗaya Dodgers. Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ne zakara.

Yankees suna da wani mai jifa, sunansa Don Larsen. Ran 5 ga Oktoba aka sa shi jifa. Hannunsa ya ƙi. Mutum huɗu suka wuce kyauta. Tun a zagaye na biyu aka cire shi. Dodgers suka ci 13, Yankees 8.

Ran 8 ga Oktoba aka zo wasa na biyar. Kowa ya ci biyu biyu. Da Larsen ya iso fili, sai ya iske ƙwallo cikin takalminsa. Alama ke nan shi zai yi jifa. Mutum 64,519 suka taru kallo.

Larsen ya natsu. Mai bugu na fari ya fita, na biyu ya fita, na uku ya fita. Mai jifan Dodgers, Sal Maglie, shi ma gwani ne. Sai a zagaye na huɗu Mickey Mantle ya doka ƙwallo ta ƙetare shinge, Yankees suka ci ɗaya. A na shida suka ƙara ɗaya.

A zagaye na biyar wani ya doki jifan Larsen da ƙarfi, ƙwallo ta yi nisa. Mantle ya bi ta a guje, ya cafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Larsen ya yi jifa 97. Mutum 27 suka zo bugu, duk suka fita. Ko ɗaya bai taka masauki na fari ba. Aka tashi 2 da babu. Daga baya Yankees suka zama zakaru. Har yau ba wanda ya sake yin haka a karawar zakaru. Larsen ya rasu a 2020, yana da shekara 90.

Cikinku akwai wanda ya faɗi jarrabawa, kunya ta hana shi zuwa aji. Ku je ku gaya masa, tsakanin faɗuwar Larsen da nasararsa kwana uku ne kawai. Allonsa yana nan yana jiransa.

Tambayoyi
1. Mutum nawa ne a kowane gefe?
2. Me ya sami Larsen ran 5 ga Oktoba?
3. Wa ya taimake shi a zagaye na biyar?
4. Uku sau tara nawa ne?

Rubutu
Ku rubuta waɗannan sau biyar: jifa, kulki, ƙwallo, zakara.