Gargaɗin Ciwon Daji a Jikin Kula: Me Yake Nufi Ga Uwargida?

Darasinmu na wannan fitowa ya samo asali ne daga wata tambaya da aka kawo mana bayan an tashi daga karatun Asabar. Wata baiwar Allah ce take haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, sai ƙaninta ya aiko mata da babbar kula daga Amurka. Ana fito da ita daga kwali, ɗanta ɗan sakandare ya hango 'yar takarda manne a gindinta, da alama mai kusurwa uku ruwan ɗorawa. Ya karanta ya ce, "Umma, wai an rubuta abin nan yana iya jawo kansa." Ta ce kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba. In ta jefar, ga tsada. In ta kai wa yarinya, ga fargabar ta kai mata cuta da hannunta.

To bari mu fara da asalin takardar. Ba dokar Amurka gaba ɗaya ba ce, ta jihar Kalifoniya ce kaɗai. A shekarar 1986 mutanen jihar suka jefa ƙuri'a suka amince da dokar da ake kira Proposition 65. Ta wajabta wa gwamnatin jihar fitar da jerin sinadaran da aka san suna jawo ciwon daji ko lahani ga haihuwa da ɗan tayi. Jerin farko ya fito a 1987, yanzu ya kai sinadarai kimanin 900. Duk kamfanin da ke da ma'aikata 10 ko fiye, in kayansa na iya sada mutum da ɗaya daga cikinsu, dole ya yi gargaɗi. Lura da kyau: dokar ba ta hana sayar da kayan ba, cewa ta yi a sanar da mai saye.

Wurin da ya kamata mu tsaya mu fahimta shi ne ma'aunin da suka ɗauka. Ba a buƙatar gargaɗin kansa idan adadin sinadarin bai kai ya ƙara mutum 1 mai cutar ba a cikin mutum 100,000 da suka yi shekara 70 suna cuɗanya da shi. Ma'auni ne mai tsananin taka-tsantsan. Sannan tarar rashin gargaɗi tana iya kai dala 2,500 a kowace rana, kuma ko mutum ba jami'in gwamnati ba ne yana iya maka kamfani a kotu. Me kike zato ɗan kasuwa zai yi? Gwaji a ɗakin bincike kuɗi ne, shari'a kuɗi ce, takarda kuwa kwabo ce. Sai da yawansu suka zaɓi su manna ta a komai, har a kayan da za a kai wasu jihohi da wasu ƙasashe. Ta haka take iso mana a jikin jaka, wayar caji, tiyo da kula. A can Kalifoniya har a ƙofar otal da wurin ajiye motoci ana ganinta. A 2018 wani alƙali ya ce kofi ma sai an yi masa gargaɗi saboda sinadarin da ke fitowa in an gasa 'ya'yansa, sai a 2019 hukumar jihar ta cire shi. Ni a ganina wannan shi ne aibin dokar: in aka yi ta ihun kura a kan kowace akuya, ranar da kurar ta zo babu mai fitowa.

Amma kada wannan ya sa mu ce duk zancen banza ne. Sinadaran gaskiya ne. Akwai BPA da ake yin wata roba mai tauri garai-garai da shi. Tarayyar Turai ta hana shi a kwalbar shayar da jarirai tun 2011, Kalifoniya ta sa shi a jerinta a 2015. Akwai sitayirin, wanda da shi ake yin farar robar nan mai kama da soso ta zuba abincin biki, ya shiga jerin a 2016, jihar Legas kuma ta hana irin wannan mazubi a 2024. Akwai dalma, da sinadaran da ke sa roba ta yi laushi. Tun 2018 cikakken gargaɗi yakan ambaci sunan aƙalla sinadari ɗaya, don haka ki sa a karanta miki.

Abin da ke fito da su daga roba zuwa abinci shi ne zafi, maiƙo da tsufan roba. A nan ne al'adarmu ta shigo. Kular Amurka an yi ta ne don ƙanƙara da abin sha mai sanyi, mu kuwa shinkafa muke juyewa a ciki tana tururi. Ki duba gindin mazubi, za ki ga lamba a cikin kibiyoyi uku. Lambar nau'in roba take nunawa, ba shaidar lafiya ba ce, amma tana taimakawa: 5 ta fi jure zafi, 2 da 4 ba laifi ga abin sanyi, 3, 6 da 7 kuwa a nisanta su da abinci mai zafi.

Abin mamaki, mu da muke firgita da takarda, mu ne muke ƙulla tuwo da zafinsa a leda, mu dafa alale a leda, mu hura gawayi da leda muna shaƙar hayaƙin da goyo a baya. Kuma abin da ya fi haɗari a ɗakin girkinmu ba ya zuwa da takarda ko ɗaya. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna suna ɗauke da gubar afulatokzin, wadda aka tabbatar tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ki tsince ƙwayar da ta canza launi ko ta yanƙwane ki zubar, kada ki ce asara ce ki tura ta cikin ƙuli-ƙuli. Haka kwallin dutse da muke ranɗa wa jarirai, an sha samun dalma mai yawa a cikinsa, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa jiki amana ne, kuma gusar da cuta wajibi ne. Suratul Hujurat kuma ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. Saboda haka 'yar uwa, kafin ki tura saƙon nan na "kula tana kisa" zuwa zauren WhatsApp na dangi, ki tambayi wanda ya sani.

Ita dai mai tambayarmu mun ce ta kai wa amarya kularta. A wanke ta da sabulu a shanya a inuwa har warin sabunta ya fita, a riƙa sa ƙanƙara, zoɓo da kunun aya a cikin gorunansu. In ta kama a ajiye abinci mai zafi, a zuba shi a kwanon silba mai murfi sannan a saka a ciki. Ranar da cikinta ya tsage ko ya fara ɓarewa, a mayar da ita ma'ajiyar tsummoki.